Nazarin Lamari: Ɗakin Sanyin Magani a Kakuri da Saitin Wuta Miliyan Biyu da Ɗoriya

Wurin da abin da ake ajiyewa

Wani dillalin magunguna a Kaduna yana da sito a yankin masana'antu na Kakuri, cikin tsofaffin gine-ginen da suka rage bayan durƙushewar masaƙu. A ƙuryar siton akwai ɗakin sanyi da bai fi ɗakin kwana girma ba. Nan ake ajiye insulin da alluran riga-kafi, waɗanda ƙa'idarsu ita ce zama tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salsiyos. In zafi ya haura 8 ya daɗe, ƙarfin maganin ya ragu. In sanyi ya kai ga daskarewa, insulin ya tashi aiki, kuma ba lallai ido ya gane ba.

Wuta na shiga ɗakin ta hanya uku: wutar gari, farantan sola da batura ta cikin inbata, sai janareta mai shan dizal. Wata 'yar na'ura ce ke raba musu aiki. Ita ke cewa yanzu a ja daga batir, yanzu a tada inji, yanzu a kashe fankokin ofis don a bar wa ɗakin sanyi wutar. Mai kula da na'urar wata injiniyar lantarki ce mai ƙaramin shagon girka sola, ita da yaran aikinta biyu.

Afrilu 2023: asarar farko

Cikin wani dare na bazara aka ɗauke wuta tun bayan magariba. Batir ya yi ta sauka har ya kai kashi 20 cikin ɗari, inda aka saita na'urar ta tada janareta. Ta gwada sau uku, inji bai tashi ba. Ƙararrawa ta yi kuka, maigadi ya farka ya murza makulli da hannu, nan ma shiru. Kafin bakanike ya iso da hantsi ma'aunin ɗakin ya nuna digiri 14, aka ware kayan da ke ciki aka daina sayar da su.

Mai siton ya kira injiniyar ya ce, "Injiniya, ki ƙaro batura kawai a huta. Nawa ne?" Ta ce, "Alhaji, a ɗan ba ni lokaci in duba ko baturan ne matsalar." Suka tsaya a kan buƙata biyu a rubuce. Ta farko, yiwuwar zafin ɗakin ya haura digiri 8 na sama da rabin awa kada ta wuce kwana ɗaya cikin dubu. Ta biyu, cikin duk saitin da ya cika wannan sharaɗi a ɗauki wanda ya fi ƙarancin shan mai.

Mayu zuwa Agusta 2023: gyara da ido

Injiniyar ta ɗaga matakin tada inji zuwa kashi 30, ta sa ya ci gaba da aiki har batir ya kai 95. Damina ta wuce ba a sake asara ba, amma kuɗin mai ya yi sama. Da mai siton ya yi ƙorafi aka sauke matakin, da aka kwana biyu cikin hadari a watan Agusta aka sake ɗagawa.

Wata huɗu ba matsala bai nuna komai ba a kan sharaɗin da aka rubuta. Masu ƙididdiga na da wata ƙa'ida mai sauƙi: in aka yi gwaji sau da yawa ba a ga abu ko sau ɗaya ba, a raba 3 da adadin gwajin, abin da ya fito shi ne iyakar da za a iya da'awa da amincin kashi 95 cikin ɗari. Don a ce ɗaya cikin dubu, sai an ga kwana 3,000 lafiya, wato sama da shekara takwas, kuma da saiti guda ba a taɓa shi ba.

Satumba zuwa Nuwamba 2023: kwaikwayo a kwamfuta

Sai ta koma ga bayanan da ke hannu. Inbatar na adana tarihin caji da kanta. Maigadi kuma, bisa umarnin mai gidansa, yana da littafi mai bango mai kauri inda yake rubuta lokacin ɗauke wuta da lokacin kawo ta, da ko inji ya tashi a murɗar farko. An rubuta shi da biro shuɗi, wani wuri da boko wani wuri da ajami, ya danganta da wanda ke kan aiki. Akwai gibi kusan kowace Juma'a tsakanin ƙarfe ɗaya da uku, da kwanakin Sallah gaba ɗaya. Ta cike gibin da abin da inbata ta adana, ta fitar da alƙaluman wata goma sha huɗu. Don kada ta yaudari kanta, ta haɗa zafin Afrilu da ƙarancin ranar Agusta a lissafi ɗaya.

Ta zauna ta jera abubuwan da za a iya canzawa. Matakin tada inji, daga kashi 15 zuwa 50, zaɓi 8. Matakin kashe shi, daga 60 zuwa 95, zaɓi 8. Mintunan jira bayan an kawo wuta kafin a amince da ita, 6. Yawan gwada tada inji kafin a buga ƙararrawa, 4, tazara tsakanin gwaji, 5. Yadda za a ƙara sanyaya ɗakin da tsakar rana lokacin da sola ke da ƙarfi, 4. Yawan batura, 5. Jerin kayan da za a fara kashewa, 6. Ma'aunan zafi ɗaya ko biyu ko uku, 3. In aka ninka su duka, saiti 2,764,800 ke nan.

Ta rubuta shirin kwaikwayo da harshen kwamfuta na Python, wanda ke jefa ƙuri'a ya ƙirƙiri kwanaki na ƙarya ya ƙirga sau nawa ɗakin ya yi zafi. A kwana 10,000 na kwaikwayo, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin dubu zai bayyana kusan sau goma, kuma ƙuri'a kaɗai na iya kai shi bakwai ko goma sha uku. Saitin da ya zo na ɗaya da safe sai ya koma na ashirin da yamma in an sake gudanarwa. Kafin lamba ta zauna da kuskuren da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba sai an ga gazawa kusan ɗari, wato kwana 100,000 ga kowane saiti guda. Ta gwada 'yan ɗaruruwa ta tsaya. A daidai wannan lokacin litar dizal ta haura naira dubu ɗaya, mai siton ya sake tada maganar batura.

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: lissafi maimakon ƙuri'a

Wani tsohon abokin karatunta da ke digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ne ya nuna mata wata hanya, tantance samfuri, wato bincikar kwatancen na'ura da aka rubuta da lissafi. Asalin fasahar na komawa ga aikin Edmund Clarke da Allen Emerson a Amurka a 1981, da na Jean-Pierre Queille da Joseph Sifakis a Faransa a 1982, aikin da ya kai Clarke da Emerson da Sifakis ga lambar Turing ta 2007, babbar lambar yabo a kimiyyar kwamfuta. Maimakon a gwada wasu hanyoyin da na'ura za ta iya bi, sai a rubuta dukkan halayen da za ta iya shiga, kwamfuta ta bi su kaf. In akwai ƙuri'a a cikin tsarin, ana rubuta shi a matsayin sarƙar Markov, sunan masanin lissafin Rasha Andrey Markov: jerin halaye, da yiwuwar tashi daga kowane hali zuwa na gaba. Daga nan yiwuwar faɗawa mummunan hali ba ƙiyasi ba ce, ana warware ta ne kamar yadda ake warware lissafin aljabara.

Ta raba yini zuwa mataki 96, kowane minti goma sha biyar. Kowane hali ya ƙunshi lokaci, cajin batir, zafin ɗaki, ko akwai wutar gari, da matsayin inji. Saiti guda ya ba da halaye kusan dubu ɗari. Ta rubuta shi da harshen PRISM, manhajar da rukunin Marta Kwiatkowska da Gethin Norman da David Parker suka fara ginawa a Jami'ar Bamingham, daga baya aikin ya ci gaba a Oksfod. Don sauri ta koma gudanarwa da Storm, wadda rukunin Joost-Pieter Katoen na jami'ar Aachen a Jamus ya fitar a 2017, kuma tana karanta harshen PRISM. Duka biyun kyauta ake saukewa.

Amsa ta daina rawa. Saiti ɗaya, lamba ɗaya, ko sau nawa aka tambaya. Kowane saiti na cin kusan daƙiƙa biyu a kwamfutarta ta tafi-da-gidanka. Daƙiƙa biyu sau 2,764,800 kwana 64 ke nan ba tsayawa, a garin da wutar da za ta riƙe kwamfutar ita ce matsalar da ake bincike. Da an canza lamba ɗaya daga littafin maigadi kuma, sai a koma farko.

Hanya ta biyu ita ce a cusa dukkan saitin cikin samfuri guda, matakin farko ya zaɓi saiti, sauran su biyo baya. Masu bincike a Dresden ta Jamus sun gina manhajar ProFeat a kan irin wannan dabara, kuma tana aiki sosai in 'yan dangin, wato tarin saitin da ake zaɓa daga ciki, sun yi kama da juna ƙwarai, domin ana iya matse abin da suka yi tarayya a kai. A nan halayen sun haura biliyan 270 kafin matsewa. Ma'ajiyar kwamfutar mai gigabayit 16 ta cika tun ba a gama gina samfurin ba.

Fabrairu 2024: tambayar dangi gaba ɗaya

Abokin karatun ya turo mata manhaja ta uku, PAYNT, wadda Milan Češka da Roman Andriushchenko da abokan aikinsu na jami'ar fasaha ta Brno a ƙasar Czech suka gabatar a 2021 tare da Sebastian Junges da Katoen. A kan Storm aka ɗora ta. Ana ba ta shiri irin na PRISM amma da gurabe a ciki, kowane gurbi da jerin abin da za a iya cike shi da shi, sannan a ba ta sharaɗi. Aikinta ta nemo cikon da ya cika sharaɗin, ko ta tabbatar babu.

Dabarar farko da take amfani da ita tana da ban sha'awa. Ana gina samfuri ɗaya wanda a kowane hali aka bar masa 'yancin ɗaukar duk cikon da ya ga dama. Irin wannan shi ake kira samfurin Markov mai zaɓi, kuma girmansa bai yi kusa da na waccan hanyar ta cusa kowa ba, domin ba ya tuna saitin da ya ɗauka a baya. Sai a yi masa tambaya biyu: in ya yi zaɓi mafi kyau a ko'ina, nawa ce yiwuwar gazawa? In ya yi mafi muni fa? Duk wani saiti na gaskiya yana tsakanin waɗannan lambobi biyu. In mafi kyawun ma ya karya sharaɗi, an yar da dangin duka da bincike ɗaya. In yaron da ya fi tsawo a gida bai iya taɓa saman ƙofa ba, ba sai an auna sauran yara ba. In mafi munin ya cika sharaɗi, kowa ya ci. In iyakar ta faɗa tsakani, sai a raba dangin biyu a sake tambaya.

Inda za a raba kuwa samfurin ne ke nunawa da kansa. A gudanarwar gwaji ta farko injiniyar ta duba zaɓin da ya yi don rage shan mai, ta ga a halayen dare ya ɗauki batura mafi yawa, ya kashe inji a kashi 60 in asuba ta kusa, a kashi 80 in tsakar dare ne. Babu na'urar gaske a cikin dangin da ke yin haka, tunda matakin kashewa lamba ɗaya ce dare da rana. Wannan saɓanin shi ke sa lambar ta zama iyaka kawai, ba amsa ba, kuma a kan gurbin da saɓanin ya fi yawa ake tsaga dangin.

Dabara ta biyu ta bi ta wata fuska. A ɗauki saiti ɗaya a bincika. In ya faɗi, a ciro ɗan yankin samfurin da ya isa shaida a kan faɗuwarsa, a duba gurabe nawa ne ke da hannu a yankin. In uku ne kawai cikin tara, duk saitin da ya yi daidai da shi a gurabe ukun ya faɗi tare da shi, ko me aka sa a sauran shida. Tushen wannan tunani aikin Armando Solar-Lezama ne kan cike guraben shirin kwamfuta, wajen 2006. PAYNT na iya haɗa dabarun biyu, iyakokin da ta farko ta samo su taimaka wa ta biyu ta sami gajeriyar shaida.

Maris 2024: amsar ita ce babu

Da aka saka cikakken sharaɗin ɗaya cikin dubu, ba a kai awa guda ba amsa ta fito. Babu saiti ko ɗaya cikin 2,764,800 da ya cika shi, har da masu batura mafi yawa.

Injiniyar ta bi hanyoyin da suka fi kai samfurin ga gazawa, ta tarar kusan duka labari ɗaya ne. A littafin maigadi, in inji ya ƙi tashi a murɗar farko, sau da yawa ta biyu kan tada shi. Amma akwai wasu ranaku ƙalilan da ya ƙi gaba ɗaya, kuma rubutun gefen shafin kusan iri ɗaya ne: batirin inji ya mutu. Wato ƙaramin batirin da ke murza janaretan, ba manyan baturan sola ba. A irin wannan dare gwaji biyu da gwaji biyar duk ɗaya ne. Ƙarin baturan sola na rage yawan dararen da ake neman inji, amma a lissafin damina ba ya rage su yadda zai isa.

Ta kai wa mai siton takarda mai shafi ɗaya. Ya karanta ya ce, "To yanzu kwamfutar cewa ta yi ba mafita?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, cewa ta yi ba mafita cikin abubuwan da muka lissafa mata. Sai mu ƙara mata wasu."

Aka ƙara gurabe biyu. Ko a haɗa 'yar caja daga inbata zuwa batirin inji, ko a bari, zaɓi 2. Ko na'urar ta riƙa tada inji na minti biyar kullum don gwaji, da safe ko da la'asar ko ba gwajin, zaɓi 3. Dangin ya koma saiti 16,588,800. Aka bar kwamfutar a kan inbatar shagon ta kwana tana aiki, da safe ta gama.

Afrilu zuwa Satumba 2024: girkawa

Saitin da ya fito shi ne a tada inji a kashi 45, a kashe a 65, a sa cajar, a yi gwajin da la'asar, ma'aunan zafi biyu, batura kuma zaɓi na uku cikin biyar, wato adadin da ke siton tun farko. A samfurin, yiwuwar gazawa ta tsaya wajen 7 cikin 10,000.

Tada inji da wuri na barin sa'o'i na caji a hannu in ya ƙi tashi, lokacin da ya isa a kira bakanike ko a kwashe kaya cikin akwatunan ƙanƙara. Gwajin la'asar na tona mataccen batir tun kasuwar kayan gyara ta Panteka ba ta tashi ba. Kashewa a 65 kuwa ita ta rage mai, domin cika batir da dizal cikin dare ɓarna ce in rana za ta cika shi kyauta da hantsi. An girka a watan Afrilu. Har ƙarshen damina ɗakin bai fita ƙa'ida ba, man da aka saya ya gaza na daminar bara da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma sau biyu gwajin la'asar ya kama inji bai tashi ba aka gyara kafin dare.

Oktoba 2024: abin da ba ya cikin samfurin

A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Mando da aka lalata. Littafin maigadi bai taɓa ganin ɗaukewa mai tsawon haka ba, samfurin kuma yini ɗaya kawai yake dubawa, yana ɗaukar cewa tankin inji cike yake kullum.

Na'urar ta yi abin da aka saita ta, inji na tashi yana mutuwa dare bayan dare. A dare na huɗu mai ya ƙare. Ƙararrawa ta buga a kashi 45, maigadi ya kira yaron injiniyar, aka samo jarka biyu kafin batir ya sauka ƙasa da 25. Zafin ɗakin ya tsaya a digiri 7.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Gyara da ido bai gaza don rashin ƙwarewa ba. Abin da ake nema ya yi ƙanƙanta da ido ya gani cikin wata huɗu. Kwaikwayo ya gaza saboda dalili makamancin wannan, ƙuri'arsa ta fi bambancin da ake son aunawa girma. Bincike ɗaya bayan ɗaya daidai yake, tsada ce ta kashe shi. Cusa kowa wuri guda kuma ya fi ƙarfin kwamfutar.

A ganina sakamako mafi daraja a lamarin nan shi ne na watan Maris, ba saitin da aka girka ba. Kwaikwayo ba zai taɓa iya cewa babu ba, iyakarsa ya ce bai samu ba tukuna, kuma da wannan amsar mai siton zai sayi baturan da ba za su kai shi ga sharaɗinsa ba. Binciken dangi ya rufe wannan ƙofa da hujja, hujjar kuma ta nuna wurin da ciwon yake. Sai dai manhajar ba ta ƙirƙiro caja ko gwajin la'asar ba. Injiniyar ce ta karanta gefen shafin littafin maigadi ta ƙara su.

Lambar 7 cikin 10,000 kuma gaskiya ce a kan samfurin kawai. Ta dogara da alƙaluman wata goma sha huɗu masu gibi, da zaton cewa gobe za ta yi kama da jiya, da tankin da ba ya ƙarewa. Oktoba ta karya biyu daga cikin ukun. Abin da ya ceci kayan a daren shi ne tazarar da tada inji a kashi 45 ta bari, wadda aka zaɓa don wata matsala daban; ba daidai ba ne a lissafa wannan cikin nasarar tabbatarwar, sa'a ce ta haɗu da saiti mai sassauci.

Bayan dawowar wuta an sa ma'aunin mai a tankin, an haɗa shi da ƙararrawar. Injiniyar ta ƙara yawan man tanki cikin halayen samfurin, ta tsawaita shi daga yini ɗaya zuwa uku, abin da ya ninka halayen har gudanarwar ta daina ƙarewa a dare ɗaya. Ta rage zaɓin batura daga biyar zuwa biyu, ta cire gurbin ma'aunan zafi tunda an riga an girka biyu, sannan ta sake gudanarwa. Matakin tada inji ya tsaya a 45, na kashewa ya koma 70.